Abin da wani gidan gado a Yakasai ya koya min

Aikin farko da ogana ya sakar min ni kaɗai bayan na gama karatun zanen gine-gine, wani gidan gado ne a cikin birnin Kano, wajen Yakasai. An raba gado, 'yan uwa biyu maza suka tashi da wani ɓangare da bai fi ƙafa 30 a 40 ba, kowa da matarsa da 'ya'ya, ga mahaifiyarsu tana nan da ranta, kuma ba wanda ya yarda ya koma bayan gari tunda dukkansu a Kantin Kwari suke nema, a unguwar nan aka haife su, nan masallacinsu yake.

Zanen farko da na kai, na cinye filin kaf da ɗakuna, falo biyu, kicin biyu, sai wani ɗan siririn korido a tsakiya, ni a ganina na yi dabara tunda ko taku ɗaya bai tafi a banza ba. Hajiya mahaifiyarsu ta sa aka yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce "ɗan nan, to ina zan yi shanya? In an ɗauke wuta a watan zafi ina jikokina za su kwana, ranar suna ina za a ɗora tukunya?" Wallahi ban da amsa. Tsakar gidan da na ɗauka asarar fili ce ashe ita ce huhun gidan, ta nan iska ke shiga, ta nan haske ke sauka, nan mata suke wuni ba tare da idon waje ya gan su ba.

Sai na koma na bar tsakar gida kamar ƙafa 12 a 14, aka hau sama da bene ɗaya, babban wa da Hajiya a ƙasa, ƙanen a sama, matattakala ta tashi daga zaure yadda baƙonsa ba zai ratsa ta cikin mata ba. Zauren ma da na so in cire, su suka hana ni, kuma sun fi ni gaskiya.

Bene a cikin birni kuma da nasa rigimar. Taga ɗaya in ta leƙa tsakar gidan maƙwabci sai zumuncin shekara hamsin ya lalace, don haka tagogin da ke kallon maƙwabta muka ɗaga su sama da tsayin mutum, manyan kuma duk suka juyo cikin gida, iska tana shiga ta ƙasa zafi yana fita ta sama. Na je Gidan Makama, gidan tarihin Kano mai ginin ƙasa, da tsakar rana na ji sanyin da kaurin bangon ƙasa yake bayarwa, amma a fili ƙarami irin wannan katangar tubali ita kaɗai sai ta cinye rabin ɗaki, dole muka yi da bulo mai inci 9, bangon yamma muka bar shi ba taga, muka sa silin mai kyau da ramukan iska ƙarƙashin kwano.

Kuɗi ma na yi kuskuren lissafi, tifa ba ta shiga lungun, yashi da siminti duk a baro aka riƙa turo su daga bakin titi, kuɗin lebura ya haura abin da na rubuta.

Abin da har yau yake damuna shi ne rijiya da sokawe. A makaranta an koya mana a bar aƙalla mita 15 tsakaninsu, a gidan nan ko ka yi naka daidai shaddar maƙwabci tana jikin katangarka. Na roƙi Hajiya a bar ruwan rijiyar don wanki kawai, ta ce to. Da na leƙa su a watan Afrilu na tarar da ita a kan tabarma a tsakar gidan tana gyaran zogale, jikoki na bacci a gefenta, jarkokin ɗan garuwa guda huɗu a jere a bakin kicin.