Kunnen Duna ya bushe a tsakiyar damina

Ƴan uwa masu riƙon karnuka masu gashi, assalamu alaikum. Yau dai da farin ciki na zo. Kunnen karena Duna ya bushe, warin ya tafi, ya daina kaɗa kai yana sosawa da ƙafa, kuma muna tsakiyar Agusta ne fa, lokacin da ruwa ya fi zuba a Damagaram. Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu da damina ya san abin da nake nufi, tun daga zaure ake jin warin nan mai tsami-tsami, har maman yara ta taɓa cewa ko dai a kai shi ƙauye wajen ƙanena ya zauna har kaka. Ban ga laifinta ba, ita ke share tsakar gidan, ita ke shaƙar abin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Duna koka sifaniyel ne, baƙi wuluk, kilo 13, wani bature da ya gama aikinshi nan ya bar min shi da zai koma. Irin karen nan a Ingila aka fitar da su don farautar tsuntsaye, su kutsa cikin ciyawa da fadama su tayar da tsuntsu, shi ya sa ba ka da yadda za ka yi ka raba shi da ruwa, abin a jininshi yake. Karen gida namu in aka yi ruwa sai ya raɓe gindin katanga ya jira, shi kuwa Duna da ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ka ga hancinshi na ƙasa, kunnuwa na jan taɓo, wutsiya na rawa. Ruwanmu a shekara bai wuce milimita 400 da ɗan wani abu ba, mutum sai ya ce ai ba yawa, amma mafi yawanshi cikin Yuli da Agusta yake sauka, kuma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, lunguna su cika, tafkuna su tumbatsa. Kun tuna daminar 2024 da har tsohon masallacin Birni ya rushe farkon Satumba, to a wannan shekarar ne kunnen ya fi lalacewa.

Maganar taɓon da yake kwasowa a ƙafa da ciki ba zan daɗe a kanta ba don ta zo da sauƙi. Abin da na lura da shi kawai, taɓon garin nan iri biyu ne. Akwai na yashi, na lungu da bakin kwalta, wannan kada ka ɓata ruwanka a kanshi, ka bar karen a zaure kan buhu ya bushe, ka sa buroshi, yashin zai zube da kanshi. Akwai kuma laka ta bakin tafki, mai danƙo, baƙa, ita in ta bushe cikin gashin ƙafa dunƙulewa take ta zama kamar tubali, sai almakashi. Ita kam tun tana ɗanya ake wanke ta. Na yanke jarka gida biyu na ajiye a zaure, ruwa kaɗan a ciki, in tsoma ƙafa ɗaya-ɗaya in murza tsakanin yatsu, in matse da tsumma. Matsewa fa, ba gogewa ba, goga da ƙarfi ita ke cukurkuɗa gashin. Kuma na rage gashin da ke fitowa tsakanin tafin ƙafar daidai da fatar, don nan ne laka ke ɓuya ta shigo gida. Ba sabulu, ba wanka gaba ɗaya. A garin da ake sayen ruwa wajen mai garuwa in famfo ya ɗauke, wa zai iya wankan kare kullum, kuma ko da ruwan ya wadata yawan sabulu busar da fatarshi yake ya shiga susa.

Kunnen ne ya ci min rai.

Kun san yadda kunnen sifaniyel yake, dogo, mai nauyi, gashi ciki da waje, ya rufe ramin ruf. Ramin kunnen kare kuma ba miƙaƙƙe ba ne irin namu, yana gangarawa ƙasa ne sannan ya karya kwana ya shiga ciki, don haka duk danshin da ya shiga ba shi da hanyar fita sai in iska ta busar da shi, iskar kuwa fatar kunnen ta toshe mata ƙofa. Da rani ba matsala, iskar Damagaram ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Da damina ta kankama iska ta yi nauyi, sai cikin kunnen ya yi ja, ya yi ɗumi, wani datti ruwan ƙasa mai maiƙo ya rinƙa taruwa, ka goge yau gobe ya dawo. Da dare kana kwance kana jin faf faf faf yana kaɗa kai, wani lokaci har ya yi ɗan kuka in ya sosa da ƙarfi. Wallahi abin yana taɓa zuciya, dabba ba ta da bakin faɗa, sai dai ya zo ya jingina kanshi a ƙafarka ya karkata shi gefe guda.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce in ɗiga man shanu, wani ya ce ruwan lemun tsami, wani ma ya ce kananzir wai yana kashe ƙwarin kunne. Don Allah ƴan uwa kada wanda ya zuba kananzir ko baƙin mai a jikin kare, ko don kaska ko don ƙazwa, ƙona fata yake kuma in ya lasa guba ce. Ni likitan dabbobi na kai shi, ya leƙa ciki da abin haskawa ya ce dodon kunnen lafiya lau bai fashe ba, kuma wannan dubawar tana da muhimmanci don akwai magungunan ɗigawa da in dodon kunne ya huje za su iya kurmantar da kare. Ya ce ba ƙwarin kunne ba ne, don nasu dattin baƙi ne busasshe yana marmashi, wannan mai maiƙo da tsami irin ƙwayar yis ce da dama tana zaune a fatar kowane kare, danshi da ɗumi ne ke sa ta yi yawa. Ya rubuta maganin ɗigawa da ruwan wanke kunne. Ruwan wankin ba a same shi nan ba, sai da na sa aka aiko min daga Yamai a mota, kwalba ɗaya ƴar ƙarama da kuɗin aike jika 11, maganin ɗigawa jika 6, ban da kuɗin ganin likita. Na ji kuɗin nan a jikina, lokacin ga kuɗin taki ga hidimar gida.

Magani ya yi aiki, kunne ya lafa, muka yi murna. Ana sake yin ruwa biyu uku sai ga wari ya dawo. A nan ne raina ya ɓaci sosai, don ina yin duk abin da aka ce, in cika ramin da ruwan wankin, in murza gindin kunnen har in ji yana ƙara cakal cakal, in sake shi ya kaɗa kai, in goge abin da ya fito da auduga iya inda yatsana ya kai, ban taɓa cusa tsinken auduga ciki ba. Na hana shi zuwa bakin tafki, in hadari ya taso in ɗaure shi a rumfa. Amma duk sanda na ɗaga kunnen sai in ji ƙasanshi a jiƙe. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, a jiƙe. Na rasa ta ina ruwan ke zuwa.

Ƴata ƙarama ce ta gano. Tana zaune tana kallonshi yana shan ruwa sai ta ce Baba dubi kunnenshi ma yana sha. Na duba, ai kuwa kwanon ruwanshi faffaɗa ne, tsohuwar tasa, duk sanda ya sunkuya kunnuwan biyu sai su faɗa ciki tsamo-tsamo, gashin ya kwashi ruwa, ya ɗago ruwan ya bi gashin ciki ya haura har bakin ramin. Kuma da zafin nan kare yana shan ruwa sau da yawa a wuni. Da rani kafin ya sake sha ya bushe, da damina kuwa kunnen bai taɓa samun bushewa ba daga safe har dare. Haka in yana cin tuwo da miya, bakin kunnen ya dangwali miyar, ƙuda su bi. Ga kuma raɓar safe a ciyawar bayan gida, yana tafe hanci a ƙasa kunne na sharar ta.

Daga nan abubuwan suka zo a haɗe, ban ma iya ce muku wanne na fara ba. Na je kasuwar Dole na nemo kwano mai zurfi mai ƙaramin baki, wanda bakinshi kawai ke shiga kunnuwan su zube a waje, na binne gindinshi cikin yashi don kada ya kifar. Maman yara ta yanke hannun wata tsohuwar rigar sanyi ta ɗinke bakin da roba mai laushi, muna zura mishi a kai ya tattare kunnuwan baya lokacin cin abinci da fitar safe. Farko ya ƙi, yana ta ture ta da ƙafa, amma da ya gane in an sa ta abinci na zuwa yanzu da kanshi yake miƙo kai. Sannan aski, kuma ina ganin shi ne ya fi komai. Na juya kunnen na kwantar da shi bisa kanshi, na rage gashin cikin fatar kunnen sosai, musamman kashi ɗaya cikin uku na sama da ke kusa da ramin, da tulin gashin da ke ƙarƙashin kunnen a gefen wuya, wanda shi ke toshe iska. Da almakashi mai dunƙulen baki na yi, mataji a tsakanin fata da almakashin, a hankali, don fatar wajen siririya ce kuma kunne in ya yanke jini ba ya tsayawa da wuri. Gashin waje ban taɓa shi ba, yana nan da kyaunshi. Kuma duk sanda ya jiƙe, bayan na matse da tawul sai in naɗe kunnuwan sama in ɗaure da ƙyalle sako-sako na ɗan lokaci yana kwance a rumfa inda iska ke ratsawa, ina kusa, ba na barinshi da ɗaurin in fita. Na'urar busar da gashi ban ma sa ta a lissafi ba, wuta ba ta da tabbas in hadari ya taso, kuma ƙararta firgita shi take.

Jiya da yamma na ɗaga kunnen, fatar ciki fes, ruwan hoda-hoda, a bushe, na sa hanci ban ji komai ba sai ƙamshin kare. Na kira maman yara ta zo ta shinshina da kanta. Kwalbar Yamai ma har yanzu da saura don yanzu sai jifa-jifa nake amfani da ita. Amma in naku ya riga ya yi ja yana wari, ku fara da likita, askin da kwanon hana dawowa suke, ba sa kashe ciwon da ya riga ya kama.

Gida kuwa, Duna dama ba ya shiga ɗaki, iyakarshi zaure da rumfa da tsakar gida, kwanukanshi daban, wajen salla da tabarmi ba ya zuwa, tun yana sabo aka koya mishi. Shimfiɗarshi na ɗaga ta daga ƙasa, katako ne na jera bisa bulo huɗu da buhu a kai, buhu biyu nake juyawa, ɗaya na ƙasa ɗaya na kan igiya, don buhun da ya jiƙe ya kwana shi ma wari yake kuma ƙuma na son shi. Simintin zauren a baya da girezil, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, ake wankewa, na sa an daina, yana da ƙarfi ga tafin ƙafar kare kuma suna lasar ƙafa. Yanzu jabel, wato bilic, kaɗan cikin bokiti, a ɗauraye da ruwa, sai ya bushe a sake shi. Kaska ma tana nan da damina, kullum da yamma ina bin tsakanin yatsu da cikin kunne da hammata da hannu, nan suke maƙalewa.

Abin da ke gabana yanzu ƙarangiya ce. Nan da Satumba za ta nuna ta fara bushewa, kuma gashin ƙafa da ƙirjin sifaniyel ba abin da ba ya kwasa, fita ɗaya ta bayan gari sai ka zauna kana tsinta har yatsunka su yi jini, wadda ta shige tsakanin yatsu kuma tana iya huda fata ta kumbura. Ina tunanin rage gashin ƙafafun gaba da na ciki gajere har a gama girbi, maman yara kuma ta ce za ta gwada ɗinka mishi ƴar riga ta yadi mai santsi da za ta rufe ƙirji da ciki. Tsorona zafi, kada rigar ta dafa shi da rana. In akwai wanda ya taɓa gwada rigar a kan kare mai gashi a zafinmu na nan, don Allah ya faɗa min wane yadi ya sa, kuma ƙarangiyar ta kama yadin ko ta zame.