Edith Smith, ungozomar da ta zama 'yar sanda

Ranar Asabar hanya ta bi da ni ta garin Grantham a Ingila. A gefen zauren gari na ga wata 'yar siririyar hanya mai suna Edith Smith Way. Tun daga lokacin matar nan take cikin raina.

Ungozoma ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. A watan Disamba 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rantsar da ita, ta zama mace ta farko a Birtaniya da aka ba cikakken ikon kama mai laifi. Dalili kuwa, an jibge dubban sojoji a sansanin Belton, daf da garin, 'yanmata suka yi ta kwararowa. Ita ke bin lungu-lungu da dare, ta yi wa wannan faɗa, ta miƙa waccan ga iyayenta, duk a kan sule 28 a mako.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matan aka sa wa ido, har da dokar hana wasunsu fita da dare, sojojin kuwa suna ta sha'aninsu. Wallahi wannan ba adalci ba ne, kuma mace 'yar'uwarsu aka ɗora wa nauyin.

Ta ajiye aikin a 1918, ta rasu a 1923. Kabarinta ya kusa shekara ɗari babu ko alama, sai a 2018 aka tara kuɗi aka kafa masa dutse.