Inda aka kwana tsakanina da ɓerayen akurki

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon kiwon kaji a gida. Da fatan kajinku suna lafiya, kun kuma tsallake ruwan bana ba tare da asara ba. Yau maganar ɓera zan yi, domin tun shigowar damina ita ce ta fi cin lokacina a ɗan lungun da nake kiwo a nan Agege, kuma duk mai ajiye kaji a gidan haya a Legas zai gamu da ita ko ba daɗe ko ba jima. Da ruwa ya cika kwatoci a watan Yuni da Yuli, ramukansu sun cika, sai su hauro neman busasshen wuri, kuma babu wurin da ya kai akurki daɗi a wajensu: ga abinci, ga ruwan sha, ga ɗumi.

Abin da na gane zuwa yanzu shi ne abincin kaza ne ke kiran ɓera. Ƙwai da 'yan tsaki ƙari ne da yake samu bayan ya riga ya saba da wurin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban ɓera ɗaya yana cin abin da ya kai giram 25 a dare, kaza mai ƙwai kuwa tana cin kusan giram 120 a yini. To ku lissafa: ɓeraye 10 sun cinye rabon kaji 2 ke nan kowane dare, a wata kuma sun tashi da kilo 7 da rabi, kusan sulusin buhu mai kilo 25. Ban da wanda suke ɓatawa da fitsari da kashi. Ga shi cikin ɓera mako 3 ne kacal, daidai da kwancin kaza, tana iya zubo 'ya'ya 8 ko fiye a haihuwa ɗaya, su ma kafin wata 3 sun fara nasu. Wanda ya tsaya kisa kawai ya bar abinci a buɗe, haihuwarsu za ta riga tarkonsa.

Kafin in taɓa komai, sai da na nemi sanin da wa nake faɗa. Bayan kaji sun shiga, na tankaɗe toka na barbaɗa ta siriri a gindin bango da bakin ƙofar akurki. Da asuba na haska tocila, sai ga labarin daren duka a rubuce: sawun gaba mai yatsu huɗu, na baya mai biyar ya fi tsawo, a tsakaninsu wani siririn layi inda wutsiya ta ja. Sawun bai ratsa tsakiyar fili ba ko sau ɗaya, duk a manne da bango yake, daga bakin bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke har gindin kwanon abinci. A jikin bulo, daidai tsayin ɓera, akwai wani baƙin maiƙo da jikinsu ya goga har ya yi sheƙi. Kashinsu manya ne, masu kauri, bakinsu a dakushe. Wannan ɓeran kwata ne, mai haƙa rami. Akwai ɗan'uwansa siriri mai doguwar wutsiya, shi ta sama yake bi, ta waya da katakon rufi, kuma kashinsa ya fi tsini. Jaɓa kuma daban ce, mai dogon baki da wari, ƙwari da kyankyasai ta fi ci, ba ita ke huda buhu ba.

Matakin farko bai ci mini ko kwabo ba, kuma shi ya fi kowanne tasiri. Kaza ba ta cin abinci a duhu, saboda haka babu dalilin kwana da kwano a akurki. Da an yi kiran magariba nake kwashe kwanonin abinci da na ruwa, in share abin da ya zube, in juye ragowar a bokiti mai murfi. Ruwan ma kada ku raina shi, babban ɓera ba ya iya daɗewa ba sha. Sauran tuwo da shinkafa da maƙwabta ke kawo wa kaji, da safe kawai nake karɓa, gwargwadon abin da za su cinye kafin rana ta take. Ƙwai kuwa ba ya kwana a gurbi. Buhun abinci ya bar ƙasa ya koma durom na ƙarfe mai murfi, a kan bulo biyu. Na roba ba ya tsare komai, domin haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro, kullum cikin gwaguya yake, kuma roba ba ta gagare shi.

Ku sa ran abu ɗaya: daren farko da na biyu bayan an ɗauke abinci su ne mafi haɗari ga 'yan tsaki, domin yunwa na sa ɓera ya yi abin da da bai yi ba. Kaza kuma da dare kamar makauniya take, ko uwa ce ba za ta iya kare 'ya'yanta ba. Duk mai ƙananan tsaki ya shigar da su ɗaki a kwali ko keji kafin ya fara wannan mataki.

Daga nan sai toshiya, kuma nan ne kuɗi suka fita. Ragar da aka fi sayar wa masu kaji, wadda idonta ke da kusurwa shida da faɗin kusan inci guda, an yi ta ne don tsare kaza kada ta fita. Ƙaramin ɓera yana ratsa ta, babba yana yanke ta. Wadda ke aiki ita ce mai idon murabba'i na rabin inci, mai kaurin waya. Wani yaro mai walda a Zango ne ya haɗa mini firam, da ya ga ragar da zan saya sai ya ce, "Hajiya, ki ƙara kuɗi ki ɗauki wadda aka yi wa ruwan tutiya. Iskar garin nan da danshi, baƙar waya ba za ta ga damina biyu ba." Na ce, "To ɗana, yadda ka gani." Gaskiya ya faɗa, ku dubi ƙofofin ƙarfen unguwa ku ga yadda tsatsa ke cin su. Mun ɗaga akurkin a kan ƙafafun ƙarfe har tsayin gwiwa, ta yadda haske da iska ke ratsa ƙarƙashi, tsintsiya ma tana shiga. Akurkin da ya zauna daɓas a ƙasa, ƙarƙashinsa ɗakin haihuwa ne. Wanda nasa ba zai ɗagu ba, ya yi daɓen siminti, ko ya binne raga a kewaye zurfin santimita 30 ya lanƙwasa bakinta waje. Gindin ƙofa an buga masa fallen kwano, saman kuma, inda rufi ya haɗu da katako, an bi shi da raga. Ƙa'idar da nake bi: duk kafar da babban yatsana ya shiga, ɓera zai shiga.

Ramuka ban toshe su kai tsaye ba. Na fara cusa takarda a bakin kowanne, wanda aka ture takardarsa kafin safe shi ne mai rai. Su na cika da fasasshiyar kwalba na shafe da siminti. Bakin bututun ruwa na sa masa raga na ɗaure da waya.

Tarko sai da ya zo daga baya, lokacin da yunwa ta fara aiki. Ɓera yana tsoron sabon abu, zai iya kewaye tarko kwana da kwanaki bai taɓa ba. Shi ya sa na fara ajiye tarkunan ba a ɗana ba, da ɗan ƙuli-ƙuli ko kan busasshen kifi a kai, har suka saba ci, sannan na ɗana su duka a dare guda. A jikin bango ake sa shi, bakinsa na kallon bangon, a kan hanyar da toka ta nuna. A ɗaure abincin da zare don kada a fizge a gudu, a ɗaure tarkon kansa da waya don kada babba ya ja shi cikin rami. Kowanne na kife masa tsohon akwatin katako mai ƙofa biyu ƙanana, na ɗora dutse, saboda yaran gida da kajin kansu. Daren farko ne aka fi kamu, daga nan abin ya riƙa ja baya.

Gam ɗin ɓera ba na amfani da shi. Yana kama ƙadangare da ɗan tsako, ƙura da gashin kaji suna kashe danƙonsa, kuma ɓeran da ya maƙale yana kwana yana kuka. Addini ya halatta kashe ɓera, amma ya ce a kyautata kisa, tarkon da ke gamawa nan take ya fi kwanta mini a rai.

Shinkafar ɓera da baƙin garin gubar da masu talla ke yawo da shi a tashoshin mota, ina roƙonku kada ku kawo su kusa da kaji. Kaza tsinta take yi, ba ta bambance ƙwayar guba da ta dawa, kuma tana cin mushen ƙaramin ɓera idan ta samu. Irin gubar da ke hana jini daskarewa takan ɗauki kwanaki kafin ta kashe, a tsakanin nan ɓeran yana yawo, kyanwa ta kama shi, ko ya mutu a cikin silin ya dami gida da wari. Gubar da ta shiga kaza tana iya kaiwa ga hantarta da ƙwanta, mu ne kuma masu ci. A gida irin namu mai ɗakuna jere da yara masu rarrafe a tsakar gida, ban ga ribar da ta kai wannan kasada ba. Wanda abin ya fi ƙarfinsa har sai da guba, ya nemi shawarar likitan dabbobi, ya sa ta cikin akwati mai kulle, nesa da akurki.

Lafiyarmu ma tana cikin lissafi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. Legas kanta ta sha annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa daga 1924 har zuwa 1931. Saboda haka ba na share kashin ɓera a bushe. Sai na yayyafa ruwan bilic ya jiƙa, in ɗaure hanci, in sa hannu a leda in kwashe. Mushe ma da leda nake ɗauka, in ƙulle shi, in binne da zurfi inda kaji ba sa tono, in wanke hannu da sabulu.

Abin da ya fi wuya shi ne abin da ke wajen ɗan lungun nawa. Kwata ta kowa ce, bola ta kowa ce. Maƙwabciyata mai sayar da abinci na same ta da lalama na ce, "Yaya, ɓerayen da ke cin dusata su ne ke huda miki buhun gari, mu haɗa hannu." Ta yarda muka sayi babban kwandon shara mai murfi, Baba mai gida kuma ya ba da izini aka kwashe tulin tsofaffin tayoyi da katakai da ke jingine a bango. Safiyar Alhamis da kasuwanni ke rufe don tsafta, ita muka mayar ranar yashe kwatar ƙofar gida.

Inda ake yanzu: tokar gindin akurki tana kwana lafiya lau, buhun abinci ya fara kai lokacin da lissafi ya ce zai kai, kuma 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan an gama aikin raga duk suna nan. Amma har yanzu ina ganin sawu a gefen katangar da ta raba mu da gidan baya, kuma akwai alamar gwaguya a katakon rufin ɗakin ajiya, wato mai bin sama ya iso. Aikin da ke gabana shi ne sare reshen gwandar da ya kwanto kan kwano, da ɗaure tarko a kan katakon sama. Ina kuma tunanin kawo kyanwa, sai dai ina jin tsoronta a kan 'yan tsaki. Duk wanda a cikinku ya taɓa haɗa kyanwa da ƙananan kaji a tsakar gida ɗaya, ya gaya mini yadda ya raba musu wuri, da kuma shekarun kyanwar lokacin da ya kawo ta.