Yadda ake tafiyar da cocin Angilikan a garin gaɓar teku: abin da na koya daga littafin ma'aji

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gwamnati ce take ɗaukar nauyin Cocin Ingila, tun da Sarki ne shugabanta kuma an keɓe wa bishop 26 kujeru a Majalisar Dattawan ƙasar. Ba haka abin yake ba, domin kowace ikilisiya da guminta take rayuwa. Na ga wannan da idona a lokacin da nake karatun akanta a Ingila, aka haɗa ni da ma'ajin wata tsohuwar coci a wani ƙaramin gari na gaɓar gabas domin in taya shi aikin lissafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan aiki shi ne yadda aka rarraba iko a tsakanin mutane, har ya zama babu wanda zai iya taɓa kuɗi ko gini shi kaɗai, kuma limamin cocin ma yana cikin waɗanda aka ɗaure wa hannu.

Ikilisiya a tsarin Ingila yanki ce ta ƙasa mai iyaka, kuma kusan babu wani lungu na ƙasar da bai faɗa cikin ɗaya daga ikilisiyoyi wajen 12,500 ba, waɗanda aka kasa ƙarƙashin dayosis 42, wato manyan yankunan da kowanne yake ƙarƙashin bishop. Duk wanda yake zaune a yankin yana da haƙƙi a kan cocin ko da bai taɓa shiga cikinta ba: za a yi wa ɗansa baftisma, za a ɗaura masa aure, za a yi masa jana'iza. Limami shi ne mai kula da sujada, wa'azi da ziyarar marasa lafiya. Kuɗi da gyaran gini kuwa suna hannun majalisar coci, wadda dokar 1956 ta fayyace ikonta, kuma membobinta amintattu ne a idon doka kamar na kowace ƙungiyar agaji. A tsakaninsu akwai wakilan coci guda biyu da ake zaɓa kowace shekara, waɗanda su ne idon bishop a ikilisiyar, kuma su ne suke riƙe da kundin kadarori tun daga kofin jibin Ubangiji har zuwa tsani. Wani abin mamaki shi ne, duk wanda sunansa yake cikin rajistar masu zaɓen ƙaramar hukuma a yankin yana da damar jefa ƙuri'a a zaɓen waɗannan wakilai, ko da Musulmi ne mai shago a bakin titi. A aikace ba a cika ganin baƙuwar fuska a taron ba, amma ƙofar a buɗe take.

Darasi na farko a wurin ƙirga baiko na same shi. Bayan sujadar Lahadi, mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba ne suke shiga ɗakin da limami yake sa tufafinsa, su zazzage jaka a kan tebur, su ware sulalla daban, takardu daban, ambulan daban. Kowane ambulan da mai shi ya sa hannu a takardar cewa yana biyan haraji sai a rubuta lambarsa da adadin abin da ke ciki, saboda hukumar haraji tana ƙara fam 1 a kan kowane fam 4 da irin wannan mutum ya bayar. Su biyun suna sa hannu a kan takardar jimla kafin kuɗin ya fita daga ɗakin, kuma limami ba ya cikinsu. Ma'ajin, wanda tsohon ma'aikacin banki ne, yakan ce wannan tsari ba domin kama ɓarawo aka yi shi ba, an yi shi ne domin kada wata rana a zargi mutumin kirki ya rasa shaida. A makaranta an koya mini raba aiki a matsayin maganin zamba, amma a nan ne na fahimci cewa kariya ce ga mutuncin mai riƙe da amana.

Mafi girman abin da yake fita daga asusun shi ne kason da ikilisiya take aika wa dayosis. Daga irin wannan kaso ne ake biyan alawus ɗin limamai, kuɗin gidajensu, fanshonsu da horar da sababbi. Wato limami ba ya karɓar abincinsa kai tsaye daga hannun mutanen da yake yi wa wa'azi, kuma a ganina wannan yana ba shi 'yancin faɗa wa mai kuɗi gaskiya. Sai dai kason shi ne abin da aka fi gunaguni a kansa a kowane zaman majalisa, domin mutane suna ganin kuɗinsu yana tafiya wani ofis mai nisa alhali rufi yana yoyo a kansu.

Abin da ya bambanta cocin gaɓar teku da sauran shi ne yadda shekararta take rabuwa biyu. A watannin Yuli da Agusta gari yakan cika da masu yawon hutu, suna shiga cocin su kalli gilasai masu launi, su kunna kyandir, su jefa wani abu a akwati ko su taɓa kati a jikin na'ura. Daga Nuwamba kuwa sai otal-otal su rufe, ayyukan wucin gadi su ƙare, a bar cocin da tsofaffin da suka ƙaura zuwa bakin teku bayan ritaya, da kuma talakawan da suke haya a tsofaffin gidajen baƙi da aka yayyanka ɗaki-ɗaki. Wannan ba matsalar gari ɗaya ba ce: a ƙididdigar gwamnati ta 2019, unguwanni 8 daga cikin 10 mafi talauci a Ingila suna Blackpool, wani garin gaɓar teku, kuma a 2021 babban jami'in lafiya na Ingila, Chris Whitty, ya keɓe rahotonsa na shekara ga rashin lafiyar mazauna gaɓar teku. Saboda haka lokacin da shigar kuɗi ta fi ƙanƙanta, wato hunturu, shi ne lokacin da kuɗin ɗumama gini da layin masu karɓar tallafin abinci suke ƙaruwa. Na koyi cewa kasafin irin wannan wuri daga watan Fabrairu ake gina shi, abin da Agusta ta kawo kuma rumbu ne da za a ci har zuwa wata kakar.

Akwai kuma batun kuɗin da aka bayar da sharaɗi, wanda ya fi komai wahalar bayyanawa ga 'yan majalisa. Idan wata tsohuwa ta bar wasiyyar kuɗi domin gyaran ƙararrawa, doka ba ta yarda a biya kuɗin wuta da shi ba, komai tsananin buƙata. Mutum zai duba jimlar da ke banki ya ga coci tana da hali, alhali abin da za a iya kashewa a harkar yau da kullum bai taka kara ya karya ba. Rabin aikina shi ne shirya rahoton da zai nuna wannan bambanci a fili ga wanda bai taɓa karanta lissafi ba.

Ginin kansa yana da nasa hukuncin. Tun daga 1955 doka ta wajabta cewa masanin gini ya duba kowace coci sau ɗaya a shekara 5, ya rubuta abin da yake na gaggawa da abin da zai iya jira. A bakin teku rahoton yakan yi kauri, domin iska mai gishiri tana cin dutse, tana sa ƙarfen tagogi tsatsa har ya kumbura ya tsaga bango. Na taɓa riƙe wa ɗaya daga cikin wakilan tsani yayin da yake kwashe gashin tsuntsayen teku da tarkacen sheƙarsu daga indararo, aikin da ba ya cin ko sisi amma idan aka bar shi ruwa ya shiga bango, sai an nemi dubban fam. Wasu wuraren ma teku ce take cin ƙasar ɗungurungum: cocin All Saints da ke Dunwich ta rufta cikin ruwa kaɗan-kaɗan tsakanin 1904 da 1919. Duk da wannan gaggawa, majalisa ba ta da ikon cire benci ko haƙa bayan gida a cikin ginin sai ta nemi shawarar kwamitin dayosis, ta liƙa sanarwa ga jama'a, sannan alƙalin dayosis ya ba da izini a rubuce. Ra'ayina a nan ya rabu biyu. Tsarin yana hana limami ɗaya mai zafin kai lalata abin da ya yi ɗaruruwan shekaru, amma kuma yana iya sa mai keken guragu ya jira fiye da shekara kafin a yi masa hanyar shiga.

Ana gane ƙarfin tsarin ne idan limami ya tafi. Gurbin yakan daɗe a buɗe, wani lokaci fiye da shekara, kuma cocin ba ta tsayawa: wakilan biyu ne suke nemo limamai masu ritaya da masu wa'azi na sa-kai su riƙa jagorantar sujada. Majalisa takan rubuta bayanin irin mutumin da take so, ta zaɓi mutum biyu da za su shiga tantancewa, kuma waɗannan biyun suna da ikon ƙin wanda aka gabatar musu. Wanda ya saba da Cocin Angilikan ta Najeriya, inda bishop yake sauya wa limami wurin aiki da wasiƙa, zai ga wannan baƙon abu ne.

Raunin tsarin shi ne dukkansa ya rataya a wuyan masu aikin sa-kai, kuma a garin gaɓar teku yawancinsu sun haura shekara 70. Ayyukan takarda kuma ƙaruwa suke yi, musamman na kare yara da masu rauni, batun da ya kai Akbishop na Canterbury, Justin Welby, ga yin murabus bayan wani rahoto a kan haka da ya fito a Nuwamban 2024. Dokar 2001 ta ce wakilin coci ya huta bayan shekara 6 a jere, amma ta bar wa ikilisiya damar jingine wannan ƙa'ida, kuma da yawa suna jinginewa saboda babu mai karɓa. A taron shekara da na halarta, wanda doka ta ce a yi shi kafin ƙarshen Mayu, an karanta lissafi, an amince da shi, sannan limami ya tambaya ko akwai wanda zai fara koyon aikin ma'aji domin ya gaji dattijon. Babu wanda ya ɗaga hannu, don haka aka sa batun ɗaukar akanta na haya cikin ajandar zama na gaba, tare da tambayar daga wane asusu za a biya shi.