Godiya ga duk wanda ya tsaya mana kan ciwon Yaya

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun dawo Tahoua daga Yamai lafiya, sakamakon jinin Yayanmu da aka aika waje ya fito.

Godiya ta farko ga lokotoron ƙwaƙwalwa da ya zaunar da mu ya jawo takarda yana zana danginmu tun daga kaka, wa ya yi wannan fizgar jiki wa bai yi ba, har ya gaya mana sunan abin, ciwon Huntington. Ba sammu ba ne, ba iska ba, kuma wallahi ba giya ba ce yadda wasu suka riƙa faɗi in sun gan shi yana tangaɗi hanyar masallaci, maganar nan ta fi komai ƙona mana rai. Gado ne. Cikin kuromozom na 4, ɗaya daga cikin zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, akwai haruffa uku, CAG, da ke maimaita kansu, in sun kai 40 ciwon sai ya fito, yawanci tsakanin shekara 30 da 50, to na Yaya maimaicin ya haura 40. Kowane ɗan mai shi rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Sai yanzu muka gane abin da ya kwantar da Baba, Allah ya jiƙan shi.

Ina gode ma masu bincike, da talakawan bakin tafkin Marakaibo na Benezuwela da suka ba da jininsu har aka gano wurin da ciwon yake cikin kuromozom a 1983, aka kamo ƙwayar halittar kanta a 1993. Ba su san mu ba amma mun ci moriyarsu. Maganin warkewa babu tukuna, sai ƙwayoyin rage fizga, mun kuwa ga sauƙi.

Anti, matar Yaya, ke kam bakina ya yi kaɗan. Ke ce mai dama mishi kunu da kauri ki ba shi cokali cokali don kar ya ƙware, ya yi miki faɗa ki shanye don kin san ba halinshi ba ne. 'Yan fadarmu da kuka haɗa kuɗin mota da na analiz, da maƙwabta da suka riƙe yara, Allah ya saka da alheri.

Masu tambaya ko za a auna yaran, lokotoro ya ce a bari sai sun girma su zaɓa da kansu. Ku sa su cikin addu'a don Allah.