Abin da na koya daga faifan tsoho mai shekara 78

Ɗalibin da ya fi ba ni wahala a ajin waƙa shi ne wanda Allah ya hore wa babbar murya. Tun yana yaro ake yi masa tafi, saboda haka da ka ce ya sassauta sai ya ga kamar baƙin ciki kake yi masa. Maganin da na samo wa irin wannan ɗalibi wani tsohon faifan garmaho ne da aka ɗauka a 1928, na wani mawaƙi mai suna George Henschel, lokacin yana da shekara 78.

An haifi Henschel a 1850 a gidan Yahudawa a birnin Breslau, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Jamusawa, yau kuma yana Polan da sunan Wroclaw. Da piyano ya fara, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Leipzig, daga baya murya ta rinjayi yatsu. Bai zama ɗan ofera ba, wato masu waƙa cikin wasan kwaikwayo da sutura da kayan ado. Shi mawaƙin zaure ne: ya fito cikin kayansa, ba abin da zai ɓuya a bayansa, daga shi sai baitukan. Sau da yawa ma shi yake kaɗa wa kansa piyano, kamar yadda mai gurmi yake riƙe kiɗansa da waƙarsa shi kaɗai.

A wancan faifan akwai waƙar Schubert, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, mai suna Der Leiermann, ta ƙarshe a jerin waƙoƙi 24 na Winterreise. Labarin wani tsohon makaɗi ne mai bara a bayan ƙauye, ƙafa ba takalmi a kan ƙanƙara, faranti ba ko kwabo, karnuka na yi masa gurnani. An ɗauki faifan ne a shekarar da Schubert ya cika shekara ɗari da rasuwa. A zamanin ba a yanka a manna. Abin da ya fito daga bakinka shi zai zauna. Muryar ta tsufa, kowa zai ji haka. Amma ba harafi ɗaya da ya faɗi ƙasa. Ɗalibaina da ba su jin Jamusanci sukan iya maimaita gaɓoɓin bayan sauraro kaɗan, don tsohon yana furta kowace kalma kamar mai ba da labari a kusa da kunnenka. Yana ɗaukar numfashi inda ma'ana ta tsaya, ko da ƙirji yana son hutu tun kafin nan. Ba ya rawar murya don neman tausayi, ba ya jan ƙarshen baiti don a ce ya iya.

Daga nan na sauya tsarin ajina. Ba wanda zai rera baiti sai ya fara karanta shi da baki, a tsaye, har wanda yake kujerar baya ya ji kowace kalma kuma ya gane abin da ake nufi. Wasu kan ga ɓata lokaci ne. Amma ƙarfin murya aro ne, shekaru za su karɓe abinsu. Furuci da sanin wurin numfashi su ne suke raka mutum har tsufa, kuma su ne kaɗai malami zai iya dasa wa wani.

Abu na biyu shi ne zaman da yake yi a gaban piyano. Mawaƙin da wani yake yi wa kiɗa yakan san layinsa kawai, sauran ya bar wa makaɗi. Henschel ya san waƙar ciki da bai, don shi ma mai tsara kiɗa ne, kuma ya zauna da manya. Ya haɗu da Brahms, mashahurin mai tsara kiɗa Bajamushe, a 1874, suka yi hutu tare a tsibirin Rügen a 1876, ya riƙa rubuta hirarsu a littafin ajiya. Wannan sanin ne ya sa Henry Lee Higginson, attajirin da ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Boston Symphony a Amurka, ya ɗauke shi ya zama jagoranta na farko a 1881, yana ɗan shekara 31. 'Yan jaridar Boston ba su raga masa ba, sun ce ɗanye ne a wannan aiki, kuma da alama suna da 'yar gaskiya. Ya yi shekara uku ya koma Landan. Ni dai abin da na ɗauka shi ne kowane ɗalibina sai ya koyi kaɗa wa kansa ko da sauƙaƙan waƙoƙi ne, ko yatsun suna tuntuɓe.

A Landan ya gaji Jenny Lind, shahararriyar mawaƙiya 'yar Siwidin, a kujerar koyar da waƙa ta makarantar kiɗa ta Royal College of Music a 1886, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1890, aka ba shi sarautar Sir a 1914. Shi da matarsa Lillian Bailey, mawaƙiya Ba'amurkiya, sun yi shekaru suna zagaye suna waƙa tare. Da ta rasu a 1901 ya jingine waƙa na tsawon shekaru kafin ya dawo.

Inda ya fi burge ni a matsayinsa na malami shi ne labarin Roland Hayes. Hayes baƙar fata ne daga jihar Jojiya, an haife shi a 1887, mahaifiyarsa ta ɗanɗani bauta. Ƙofofin manyan zaurukan Amurka ba su buɗe masa yadda ya kamata ba, ya tafi Landan a 1920, ya ɗauki darasi wurin Henschel wanda a lokacin ya kai saba'in. A 1921 Hayes ya yi waƙa gaban Sarki George na Biyar, a 1923 ya tsaya gaban ƙungiyar Boston ɗin nan da malaminsa ya fara jagoranta. A 1924 a Balin, babban birnin Jamus, jama'a suka tarbe shi da tsaki da ihu, don a ganinsu baƙar fata ba shi da hurumin taɓa waƙoƙin Jamusawa. Ya tsaya shiru har suka gaji, sannan ya fara wata waƙar Schubert a hankali ƙwarai, zauren ya koma tafi. Jarumtar ta Hayes ce, ba mai raba shi da ita. Amma a ganina ba ƙaramin abu ba ne a ce wanda ya miƙa masa wannan gado ɗan Yahudawan Breslau ne, daga mutanen da bayan shekara tara kacal, da Hitler ya hau mulki a 1933, aka fara korarsu daga zauruka da makarantun Jamus bisa irin wannan hujja. Tun da na san wannan, ba na yarda a ce a ajina wata waƙa ta wasu ce su kaɗai, ko ta coci ce, ko ta fada, ko ta Turawa. Wanda ya yi mata wahala ya rera.

Akwai inda ba na bin sa. Mutumin ya rarraba ƙafa da yawa: waƙa, piyano, jagorancin makaɗa a Boston da Landan da Gilasgo, koyarwa har a New York, ga tsara kiɗa. Oferarsa mai suna Nubia, da aka nuna a Dresden a 1899, yau da wuya ka sami wanda ya taɓa jin ta. Idan ɗalibi ya zo mini yana son ya zama mawaƙi, furodusa, ɗan fim da mai situdiyo a shekara guda, nakan ba shi labarin wannan ofera.

Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, Malam, ai yanzu kwamfuta tana gyara murya, wannan wahalar ta mece ce? Gaskiya ne tana gyara wadda ta kauce. Ban ga wadda take mayar da harafin da mawaƙi ya haɗiye ba tukuna. Henschel ya koma Boston a 1930 yana da shekara 80 ya jagoranci buɗe bikin cikar ƙungiyar shekara hamsin, ya rasu a 1934 a gidansa da ke Aviemore, ƙasar Sikotland. Faifan yana nan a YouTube, kuma bai kai minti biyar ba.