Kafin a ba su takobi

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, an saba kowa ya zo teburi da jaruminsa a shirye: ga sulke, ga takobi, ko matsafi da ya riga ya haddace sihirinsa. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa na magana da bakin wanda ya ƙirƙira, dayis kuma, wato ɗan abin jefawa mai lambobi irin na ludo, shi ke raba gardama. Ni nake jan wasan a tsakanin abokaina, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun zaman farko ba mai jin tsoron komai. Ka ce ga kogo mai duhu, sai su kutsa kai ba ko waiwaye. Shi ya sa da za mu buɗe sabon labari na ce kowa zai fara a talaka.

Ba ni na ƙago dabarar ba. A 1986 kamfanin TSR ya fitar da Treasure Hunt na Aaron Allston, inda ake farawa ba tare da mataki ko ɗaya na ƙwarewar jarumi ba, sai abin da mutum ya aikata ya nuna irin jarumin da zai zama. Wasan Dungeon Crawl Classics na 2012 ya fi rashin tausayi: kowa a ba shi talakawa uku ko huɗu, a tura su cikin halaka, wanda ya fito da rai shi ne jarumin. Ni mutanena ba sa iya rabuwa da wanda suka raɗa wa suna, don haka ɗaya-ɗaya na ba su.

Dokokin ba su da yawa. Halaye shida ne, su ƙarfi, basira da sauransu, dayis uku masu fuska shida ake jefa wa kowanne, a jere, ba musanya. Wannan yakan ba da kusan 10 da rabi, alhali hanyar da aka saba, ta jefa huɗu a yar da mafi ƙanƙanta, tana haura 12. Sai na rubuta sana'o'i 20, kowa ya jefa dayis mai fuska 20 ya ga rabonsa: maƙeri, majemi, wanzami, ungozoma, mai haƙar rijiya, mai tuya, da sauransu. Kowace sana'a da kayan aikinta guda. Duk lokacin da abin da za ka yi ya shafi sana'arka, ka jefa dayis biyu ka ɗauki babban. A ƙarshe kowa ya faɗi wanda ke bin sa bashi a ƙauyen, da mutum ɗaya da ba zai iya gudu ya bari ba.

Inda lissafi ke cizo shi ne wajen faɗa. A bugun Dungeons & Dragons na 2014, talaka makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, 4 ne; kariyarsa, wato lambar da sai mai kai hari ya kai kafin ya same shi, 10 ce. Goblin, ɗan ƙaramin dodon da ake fara gwada sababbin jarumai da shi, ana ƙara masa 4 a kan abin da ya jefa da dayis mai fuska 20, ke nan sau uku cikin huɗu zai same ka. Raunin da yake yi kuwa dayis mai fuska shida ne da ƙarin 2, in ba 1 ya jefa ba ka faɗi. Haɗa su, za ka ga sama da sau shida cikin goma sara ɗaya ya gama da kai. Ba wanda zai baro gidansa da yamma don ya mutu kafin shayi ya huce. Sai na sa doka: faɗuwar farko ba mutuwa ba ce, amma sai ka biya. Ko kayan aikinka ya lalace, ko ka tashi da tabon da zai rage maka maki ɗaya har abada, ko wani ya yarda ya tare maka saran. Ta biyu kam sai jana'iza.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. Goblin sun kwashe yaran ƙauye zuwa wani tsohon rami. Mai haƙar rijiya ya zura igiya ta wata kafa a sama, ya ƙi bin ƙofa. Suna laɓe a duhu na ce suna jin ihu daga ciki, ni dai don in tsorata su. Ƙanwar abokina, wadda dayis ya ba ta ungozoma, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ihun na wanda ake duka ne, ko na mace mai naƙuda?" Ban shirya amsa ba. Na ce ta jefa biyu. Ta ci. Nan take ihun ya zama na matar shugaban goblin ɗin, haihuwa ta zo mata da gardama. Ungozoma ta fito fili hannu sake, ba ko sanda, ta karɓi haihuwar, ta ce ladanta yaran nan. Da mayaƙi ne a hannunta, na tabbata tambayar ba za ta zo mata ba.

Ina riƙe da 'yar takarda ina yi wa kowa ɗigo don in ga irin jarumin da zai zama: wannan ya yi faɗa, wannan ya laɓe, wannan ya yi addu'a, wannan ya tsaya karanta rubutun bango. Maƙerinmu, wanda tun farko yake cika baki zai zama mayaƙi, ɗigonsa duk na ɓuya ne da ɓalle kwaɗo. Da na ce ya fi dacewa da ɓarawo, wanda shi ma nau'in jarumi ne a wasan, sai ya yi tsalle: "Haba Malam, ni da na zo don takobi!" Muka daidaita a kan cewa takarda ta fitar da biyu mafi rinjaye, mai abu ya zaɓi ɗaya. Ya yi ta gunaguni, sannan ya zaɓi ɓarawon da kansa.

Kada dai a ja zaman talaucin ya wuce zama biyu ko uku. Akwai wanda don faɗa ya zo, kuma yana da gaskiyarsa. In ya daɗe yana gudun kowane kare, zai fara duba waya. Ranar da suka hau mataki na ɗaya na bar musu makin ransu 4 a kan na sabon matsayinsu, da dokar jefa biyu a kan sana'a. Bashin ma ban yafe ba. Maƙerin yana mataki na biyar yanzu, kuma har yau in za su shiga ƙauyen ta bayan gari yake zagayawa, don mai gawayi na jiran kuɗinsa.